Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

Duk wanda zai zagaya da baƙo cikin birnin Katsina don ya nuna masa tarihi, da wuya ya sami mafarin da ya fi Ƙofar Guga. Masu riƙe da tarihin baka na garin suna cewa ta nan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya shigo a ƙarshen ƙarni na 15, kuma ta nan Magajin Haladu, sarkin Haɓe na ƙarshe a birnin, ya fita wajen 1807 da mutanen Malam Ummarun Dallaje suka ci garin. Ƙofa ɗaya ta ga shigowar ilimi, ta ga fitar mulki. Daga nan in aka ratsa ta Sulluɓawa aka faɗa Masanawa, aka tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ko ba jima ko ba daɗe tafiyar a bakin kabari za ta ƙare, domin mutanen da suka kai sunan Katsina nesa, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da Ɗan Takum, duk suna kwance cikin ƙasar garin. Rabin tarihin Katsina a makabarta yake. Tunda kuwa maganar yawon buɗe ido ta shiga bakin hukumomi, matasa kuma suna yawo da waya suna ɗaukar duk abin da ido zai so, akwai tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a buga tikitin farko: da wace fuska ake kai baƙo wurin matattu?

Turawa sun daɗe da ba da wata amsa, har sun mai da ita sana'a. A birnin Yok na Ingila tun 1973 ake yin abin da za mu iya kira yawon fatalwa. Bayan faɗuwar rana jagora zai sa baƙaƙen kaya ya riƙe fitila, mutane su biya kuɗi su bi shi lungu-lungu, yana tsayawa a ƙofar tsohon gida ko gefen coci yana ba da labarin wanda aka kashe a wurin da yadda kurwarsa take gilmawa har yau. A Edinbara, babban birnin Sikotland, abin ya fi haka ƙarfi. Ana sauka da mutane cikin ɗakunan da ke ƙarƙashin wata gada da aka gama ginawa a 1788, inda matalautan garin suka taɓa rayuwa cikin duhu da danshi, ana ba su labarin Burke da Hare, waɗanda a 1828 suka kashe mutum 16 suka sayar da gawawwakin ga wani likita mai koyar da sassan jikin ɗan Adam. Ana kuma kai su makabartar Greyfriars da dare. A gefen wannan makabarta ne aka tsare mutum fiye da 1,000 a 1679 saboda sun ƙi yarda sarki ya tsara musu yadda za su yi addininsu. Wasu sun mutu a tsare, wasu kimanin 200 sun nutse a teku da jirgin da zai kai su bauta yankin Amurka ya fashe a kan duwatsu. Lauyan sarki da ya matsa musu, George Mackenzie, shi ma a nan aka binne shi, kuma abin da baƙi da yawa ke biyan kuɗi su ji yau shi ne wai fatalwarsa tana yakushin masu wucewa. Wahalar mutum dubu ta koma tabarmar da ake shimfiɗa wa labarin tsoro.

Adalci ne a faɗa cewa ba duk sauka cikin ramin matattu a Turai ne wasa ba. A ƙarƙashin birnin Paris akwai tsofaffin ramukan haƙar dutse da aka tara ƙasusuwan mutum kimanin miliyan 6 a ciki, tun daga 1786, lokacin da makabartun tsakiyar gari suka cika har suka zama cuta ga masu rai. Da dare ake kwasar ƙasusuwan, limaman coci na biye da amalanke suna addu'a. A Roma akwai cocin da wasu masu zuhudu na Kirista suka jera ƙasusuwan 'yan'uwansu kusan 3,700 a bango, da niyyar duk wanda ya shiga ya tuna shi ma hanyarsa ke nan. Musulmi ba zai yarda a fito da ƙashin mamaci fili ba, amma niyyar ba baƙuwa ce a wurinsa ba. Saboda haka iyakar da nake son shatawa ta ratsa tsakanin hanyoyi biyu na tsayawa gaban kabari, kuma ana samun kowace a Roma kamar yadda ake samunta a Katsina.

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Karin maganar ta raba wurare biyu, ta ba kowanne halin da ya dace da shi. A daji abin da ke gabanka yana iya cutar da kai, shi ya sa kake kasa kunne kana shirin gudu. A gida waɗanda ke gabanka mutane ne masu haƙƙi a kanka, shi ya sa kake sassauta murya kana duba inda za ka taka. Yawon fatalwa gaba ɗayansa ya ginu ne a kan mai da makabarta daji, Musulunci kuwa gida ya ɗauke ta. Abu na farko da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa sahabbansa su yi in sun isa kaburbura shi ne sallama, a cikin lafazin sallamar kuwa ya kira mamatan ma'abota gidaje, ya sa mai ziyara ya shaida da bakinsa cewa shi ma yana nan tafe. Ba a yi wa kura sallama, ba a yi wa dodo. Sallama ta masu gida ce. Harshenmu ma wannan sawu ya bi. Muna cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, muna kiran kabari makwanci, muna roƙon Allah Ya kai haske gare shi, Ya sa ya huta. Mutumin da ke kwance a ɗakinsa yana hutawa, ba a shigar masa da ayarin 'yan kallo don su ji daɗin firgita.

Kafin ma a zo ga ladabi akwai maganar gaskiya da ƙarya. Fatalwa, da ma'anar mamacin da ya dawo yana yawo cikin masu rai don bai gama da duniya ba, ba ta da gurbi a aƙidar Musulmi. Alƙur'ani, a wajen ƙarshen Suratul Mu'uminun, ya ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mai da shi duniya ya gyara aiki, aka ƙi, aka bayyana cewa akwai shamaki tsakani har ranar tashi. Shamakin nan shi ne barzahu. Larabawan jahiliyya suna da irin tasu fatalwar, domin sun yi imani cewa in aka kashe mutum ba a ɗauki fansa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya yana fita daga gawarsa ya riƙa kuka a kan kabarin sai an zubar da jini. Annabi (SAW) ya kore wannan camfi kai tsaye a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Mu ma mun gaji namu, daga kurwar da aka ce maye ya kama zuwa mamacin da aka ce an gan shi a kasuwar wani gari mai nisa yana ciniki. Gaskiya ne Musulmi ya yarda akwai aljanu, sai dai aljani halitta ce dabam, mai rai, mai nata hisabi, ba kakan wani ba ne da ya ture ƙasa ya fito. Jagoran da ya tsaya kan kabarin wani bawan Allah ya ce yana fitowa da dare ya shara ƙarya biyu lokaci guda, ɗaya a kan mamacin, ɗaya a kan gaibin da Allah Ya keɓe wa kanSa.

Wannan ba ya nufin addini ya kori tsoro daga makabarta. Juya masa fuska ya yi. Da farko an hana Musulmi ziyarar kaburbura, lokacin da jahiliyya ke kusa, daga baya aka halatta, aka kuma faɗi dalili: tana tunatar da Lahira. Annabi (SAW) da kansa ya tsaya kan kabarin mahaifiyarsa a Abwa'i ya yi kuka har na kewaye da shi suka yi, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Usmanu in ya tsaya a kabari yakan yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Tsoron da ake saya da tikiti yana da siffa ɗaya da ba ta ɓuya, wato mai shi ya san ba abin da zai same shi. So yake gabansa ya faɗi na ɗan lokaci, tsikar jikinsa ta tashi, sannan ya fito ya yi dariya ya nemi abinci. Abin tsoron yana can waje cikin duhu, da an kunna fitila ya watse. Mai ziyara kuwa kansa yake jin wa tsoro, yana tuna bashin da bai biya ba, da zumuncin da ya yanke, da gonar marayu da ya haɗa da tasa, kuma fitila ba ta korar wannan. Abin da ya fi damuna shi ne na farkon yana kashe na biyun, domin wanda ya saba shiga makabarta don nishaɗi zuciyarsa takan yi kanta, har ranar da zai raka gawar maƙwabcinsa ya tsaya bakin kabari yana latsa waya. A shekara ta 9 bayan Hijira, a hanyar Tabuka, rundunar Musulmi ta ratsa Hijir, kufan Samudawa, da gidajensu da aka sassaƙa cikin duwatsu, wurin da duk mai ido zai so ya tsaya kallo. Annabi (SAW) ya gargaɗe su kada su shiga mazaunin waɗanda suka zalunci kansu sai suna kuka, ya lulluɓe kansa, ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, Sunna kuma ta nuna da wace zuciya ake duban.

Wani zai ce an cika zafi, wasa ne kawai, kowa ya san ƙarya ce, kuma mu ma ai da labarin dodo aka rene mu a ɗakin kaka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ɗan Adam na son labarin tsoro tun fil azal, kuma ba aibu ba ne. Amma a dubi yadda tatsuniya ta tsare mutuncinta. Tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", wato da bakinta take gaya maka inda ƙarya ta fara da inda ta tsaya. Gizo da Ƙoƙi ba su da kabari, Dodo ba shi da jikoki a Masanawa. Yawon fatalwa kuwa jarinsa duka shi ne wurin na gaske ne, sunan na gaske ne, ga dutsen ga rubutun. In aka cire wannan ba mai biyan ko sisi. Gaskiyar mamaci yake ara ya yi wa ƙarya kwalliya. Kuma abin da aka saba kallo a matsayin kayan wasa, wata rana hannu zai kai gare shi. A 2003 wasu samari biyu suka fasa ɗakin kabarin Mackenzie ɗin nan suka yanke kan wata gawa suka yi wasa da shi, aka gurfanar da su da wata tsohuwar dokar keta alfarmar kabari. Ba na cewa masu yawon ne suka aike su, amma wurin da aka shafe shekaru ana tallarsa a matsayin dandalin firgici ya riga ya rasa katangar da ta fi ta dutse ƙarfi, wato kunya.

Wani kuma, mai zurfin tunani, zai tambaya: to wa aka cuta? Tun zamanin Girkawa wani masanin falsafa mai suna Abiƙur ya kafa hujja cewa mutuwa ba komai ba ce ga mamaci, tunda ba ya nan balle ya ji zafi; in haka ne, duk abin da aka faɗa a kan kabarinsa iska ce. Musulmi yana da amsa ta nassi. Hadisin Abu Dawuda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, na Muslim ya nuna gara mutum ya zauna kan garwashi da ya zauna kan kabari, na Buhari ya hana zagin matattu domin sun riga sun tarar da abin da suka aikata. Malaman Malikiyya, waɗanda da littattafansu alƙalan Katsina suka yi hukunci shekaru aru-aru, sun mai da wannan doka: Muhtasar na Halilu ya ɗauki kabari hubusi ne na wanda ke ciki, ba a takawa, ba a tonawa muddin da sauransa. Amma ko an ajiye nassi gefe, hankali kaɗai ya isa. Wanda aka yi gulmarsa a bayan ido bai ji ba, yana iya mutuwa bai sani ba, duk da haka ba mai cewa ba a zalunce shi ba, domin ana cin mutuncin mutum ko ba ya wurin. Shi ya sa da Alƙur'ani ya tashi kwatanta giba a Suratul Hujurati ya kwatanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce, kuma abin da ya sa misalin ya yi muni haka shi ne gawa ba ta iya ture hannunka. Rashin ƙarfin mamaci, wanda ake kawowa hujjar cewa ba komai, shi ne ainihin abin da ya nauyaya haƙƙinsa.

Sai dai zai zama yaudarar kai mu tsaya kan Turawa, alhali Katsina tana da nata abin da ke cinye mamaci ya bar labari. Ana faɗa a garin cewa mahaifiyar Ɗan Marina ta rasu da cikinsa, aka binne ta kusa da karofi, ta haife shi cikin kabari. Mai marina ya riƙa tarar da an yi masa ɓarna kowace safiya, ya yi kwanto da dare, ya kama yaro yana fitowa daga kabarin, ya ɗauke shi ya rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Duk wani jagora na Edinbara da ya ji wannan zai yi murna, domin ga kabari ga dare ga yaro, ba abin da ya rage. Amma wane ne Ɗan Marina? Shi ne Muhammadu Ibnus Sabbag, malamin ƙarni na 17, wanda ya rubuta Mazjaratul Fityan yana jan samari zuwa neman ilimi, ya kuma yi waƙar yabon Mai Ali na Barno da ya karya Kwararrafa. Almajirinsa Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniyar nan da har gobe ake karantawa a ƙasar Hausa, unguwar Masanawa kuma sunansa take ɗauke da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace su a Infaƙul Maisuri cikin malaman ƙasar. Ɗan Takum kuwa masana na cewa shi ne Aida Ahmad Attazakhti, alƙalin Katsina da ya rasu wajen 1529, wanda Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta tarihinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka haddace labarin kabarin ba su taɓa jin sunan littafi ɗaya na mutumin ba. Ba musun karama nake yi ba. Ahlus Sunna sun tabbatar da karamomin waliyyai. Amma yarda da cewa karama tana yiwuwa dabam, jingina wata takamaimiya ga wani mutum ba tare da madogara ba dabam. Malamin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da bin diddigin ruwaya, in aka mai da shi jaririn da ke fita daga kabari kawai, an yi masa abin da aka yi wa fursunonin Greyfriars, ko da kuwa ƙauna ce ta sa.

Ba kuma ina kira a goge labarin ba ne. Labarin baka shi ma shaida ce. Yana nuna girman da mutanen gari suka ga malamin da shi, da matsayin marina a tattalin arzikin tsohuwar Katsina, kamar yadda labarin kokawar Korau da Sanau ke ɗauke da tunanin sauyin gidan sarauta. Aikin jagora shi ne ya yi wa kowane labari irin abin da tatsuniya ke yi wa kanta, ya ce wannan a rubuce yake, wannan kuwa haka kakanni suka faɗa. Amana ce, kuma mai amanar yana ƙarƙashin ƙasa, ba zai tashi ya ce ba haka aka yi ba.

Akwai suka daga ɗaya ɓangaren, kuma ta fi duk waɗanda suka gabata nauyi. Masu ita suna cewa duk wata ziyara da aka shirya, aka sa mata jagora da lokaci, ƙofar shirka ce, gara a rufe ta tun da wuri. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka fara tunawa da su, a hankali aka koma bauta musu. Muslim ya ruwaito cewa an aiki Sayyidina Aliyu ya daidaita kaburburan da aka ɗaga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa a Sakkwato bai rabuwa da maziyarta tun rasuwarsa a 1817, shi da kansa ya lissafa shafar kabari don neman tubarraki cikin bidi'o'i a Ihya'us Sunna. Duk wanda ya ga mai roƙon mamaci haihuwa ko ciniki ya san tsoron nan yana da tushe. Amma maganin da suka kawo ya wuce ciwon. Shari'a ta san wannan haɗari sarai lokacin da ta ɗage hanin, ta buɗe ƙofar ta sa mata ladubba, Halilu ma ya halatta ziyarar bai sa mata iyakar lokaci ba. Wuce gona da iri kuwa a cikin jahilci yake tsiro. Wanda aka gaya masa cewa Ɗan Masani mutum ne da ya yi karatu, ya koyar, ya tsufa, ya mutu yana bukatar rahamar Allah, ya fi kusa da ya yi masa addu'a a kan ya roƙe shi. In masu sani suka janye ƙafa, ba za a daina zuwa ba, masu tatsuniya da masu sayar da ƙasar kabari ne za su gaje wurin. Mun kuma ga inda wancan tunani ke kaiwa in ya sami makami: a 2012 aka rusa hubbarorin malaman Timbuktu da gatura, har kotun duniya ta ɗaure Ahmad Alfaƙi Almahdi shekara 9 a 2016. Mai gatari da mai fitilar fatalwa sun yi nisa da juna a niyya, amma dukansu ba su ga mutum a cikin kabarin ba.

Akwai wani tarko da ya fi kusa da mu, wato alfahari. Wasu malaman tafsiri sun ce Suratut Takasur ta sauka ne kan dangi biyu da suka yi ta gasar yawa har suka tafi makabarta suna ƙirga matattunsu. A makabartar Ɗan Marina aka rufe Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1997, aka rufe ƙanensa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Jagora yana iya mai da wannan gasar manya, ya riƙa tsallake kaburburan talakawa yana neman na masu suna. Yana kuma iya tsayar da baƙinsa ya nuna musu cewa mutumin da ya riƙe Nijeriya gaba ɗaya da likkafani aka sa shi, kamar na kusa da shi wanda ba wanda ya tuna sunansa, sannan a yi addu'a ɗaya ta game kowa.

Maganar kuɗi ba ta bukatar dogon zance. Ladan jagora na lokacinsa da saninsa halal ne, kuma garin da ganuwarsa ta zaizaye, gine-gine suka cinye yawancinta, yana bukatar duk abin da zai sa a ga amfanin kiyaye tsohon abu. Amma makabarta hubusi ce, ba a kafa mata teburin tikiti, kuma in akwai abin da baƙo zai bayar, dattawan da ke haƙa kabari cikin rana da katangar da damina ke ci su suka fi cancanta. Haɗarin kawai shi ne ranar da abincin jagora ya dogara da yawan tsikar jikin da ya tayar, domin daga ranar gaskiya ba za ta ƙara yin kasuwa a bakinsa ba.

Saura waɗanda suka mutu kafin Musulunci ya zauna. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, akwai tuddan da aka binne manyan farkon ƙasar Katsina. Sunan wurin ma kushewa yake ambata. Bature Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan zinariya da hauren giwa da tasoshin tagulla da suka zo daga nesa, waɗanda aka kai birnin Mainz na Jamus aka gyara aka nazarta, suka nuna yadda ƙasar ta haɗu da kasuwannin bayan Sahara tun ɗaruruwan shekaru. Wani zai ce waɗannan ba su da alfarmar Musulmi, kuma ai an tone kaburburan mushirikai lokacin gina masallacin Madina. Haka ne, bukata tana halatta abin da wasa bai halatta, kuma neman sanin tarihi bukata ce in an yi shi da natsuwa. Amma Annabin da ya yi izinin wancan shi ne ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya tunatar da su cewa rai ce. Shi ma Magajin Haladu, wanda aka ce daga Ƙofar Guga ya nufi Ɗankama ya faɗa rijiya saboda baƙin cikin rasa gari, labarinsa ya fi kowanne saurin jan mai neman abin firgita mutane: sarki, rijiya, dare. Ta shiyyar ƙofar nan hanyar Jibiya ta miƙa, ta tsallaka iyaka ta isa Maraɗi, inda waɗanda suka fita suka sake kafa mulki a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau mai sarautar can Sarkin Katsina ake ce masa. Mutanen Maraɗi ba su daina shigowa ba. Cikin waɗanda za su tsaya gaban jagora a bakin ƙofar suna sauraro, yana yiwuwa akwai wanda labarin kakansa ake bayarwa.